Takardun da Na Gurgunta da Hannuna

Ku aje wayoyin nan tukuna. Tun da kunka shigo nake kallonku, kowa da tashi a hannu. An ce muku in anka tambaye ku inda Littafi ya hito, sai ku latsa amsa ta zo. Madalla. Ranar da kunka isa ƙauyen da babu rezo, waya ba ta kamawa, tsoho ya kahe ku da ido ya ce, "Wa ya rubuta shi, kuma wa ya ga ana rubutawa?" ku latsa mu gani.

Ni Isuhu, shekara talatin da 'yan kai ina wanga aiki tsakanin Filinge da Bonkuku da Balayara, a da har Abala nake kaiwa. Aikina shi ne in koya wa 'yan majami'a yadda Littafi Mai Tsarki ya zo hannunmu, da dalilin da za a amince da shi. Kun san ba mu da yawa a ƙasar Kurfai. Wani ƙauye gida biyu, wani gida huɗu, sauran kuma malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da ma'aikatan da anka turo daga kudu. Kuma babu ɗaya cikinmu da wansa ko ƙanensa ko maƙwabcinsa bai taɓa ce mishi ba, cikin raha ko da gaske, "Littahin nan naku an taɓa shi." Wagga magana ita ta haihi sana'ata. Ku da kunka zo koyonta, kuna tsammani aiki ne na haddace amsa goma a je a zazzage. A'a, wallahi ba haka yake ba.

Ga adakar da nake yawo da ita, ku matso ku gani. Wagga hwatar akuya ce, wani majemi na kasuwar Filinge ya jeme min ita. Sau uku ina maida mishi, don ya ƙi yarda ba jaka za ni ɗinka ba, sai ya riƙa shaha mata mai. Nakan shimhiɗa ta, in ba mutum alƙalamin kara da tawada, in ce ya rubuta min layi guda. Kahin ya gama ya yi zuha, ya san mutanen da ba wasa sunka yi ba. Waɗanga na cikin leda hotunan tsohhin rubuce-rubuce ne, da Girkanci. Ba ni yi muku ƙarya, Girkancin nan ina bin shi ne kamar mai tahiya cikin ƙaya babu takalmi. Sai alli, sai kaye da bik na rubutu, sai wani tsohon bugun Littafi, sai wanga allon katako da na shahe da baƙin henti. Shi ke nan kayan aikin. Akwai wani abu guda da a da yake kwance a ƙasan adakar. Yanzu babu shi, kuma labarinshi za ni ba ku.

Wanda ya koya min aiki Malam Bawa ne, mutumin Dogon Dutsi, Allah ya ji ƙanshi. Sa'ad da na bi shi ni tela ne, da mata da ɗiya biyu, amma shekara uku cur ina ɗaukar adaka bai bar ni na amsa tambaya ko guda ba. Aikinmu na hwarko tare a Balayara ne, ranar kasuwa, bayan an tashi daga sujada. Wani mutum mai sabuwar riga ya miƙe ya ce, "Malam, in an juya magana daga harshe zuwa harshe, ai ba ta isowa lahiya." Ni kuwa amsar tana kan harshena, na buɗe baki. Sai na ji Malam Bawa ya taka min ƙahwa da dugadugi, taka ta gaske. Ya ce wa mutumin, "Wa ya hwaɗa maka haka?" Mutumin ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce surukinshi ne, kuma an ce in bai kawo amsa ba matarshi ba ta komowa daga ganin gida. Ashe ba darasin juya harshe yake bukata ba, wanda zai raka shi gidan suruki yake nema.

A kan hanya Malam Bawa ya ce min, "Masu tambaya iri uku ne. Akwai mai tambayar kanshi, akwai wanda anka aiko, akwai wanda ya zo ya ji mi za ka ce ya kai wani wuri. Kada ka amsa sai ka san wane ne gabanka." Na riƙe wagga magana, har ta yi min yawa. Matata takan ce ko mai tallan kopto, kwaɗon ganyen nan, ya yi min sallama sai na nemi wanda ya aiko shi. Ban musa ba. A sana'ar nan wanda bai iya zargi ba ba ya daɗewa.

Babban darasinmu kuwa shi ne na kwahi. Bari in ba ku yadda na yi shi a Bonkuku, ƙarƙashin runhwar kara, da mutum goma sha biyu. Na rubuta ɗan gajeren labari daga Littafi a kan allo, labarin makiyayin nan da tunkiyarshi guda ta ɓace. Kowa ya kwahe a takarda, babu mai sa suna. Na goge allon tas. Na tattara takardun cikin hwaihwai, na cuɗe su, na baje kan tabarma, na ce, "To, asali ya tahi. Ku hiddo min shi daga waɗanga." Sai ka ga sun duƙa. Wannan ya tsallake kalma, wancan ya maimaita layi, wata ta juya biyu. Amma ba su yin kuskure wuri guda su duka. Inda guda ya zame, goma sha ɗaya na tsaye. Kahin hura ta iso sun maido labarin daidai, mu buɗe Littafi mu gwada, ya zauna cas. Sannan in ce musu haka masana ke yi da tsohhin kwahi da anka samu a Masar da Sham da ƙasar Girka, waɗanda masu rubuta su ba su san juna ba. Wanga darasi ya hi wa'azin wata guda shiga kai, don da hannunsu sunka yi shi.

Sai dai yana da matsala. Mutanenmu in anka ce maganar Allah ce, sai su kwahe ta a hankali ƙwarai, har wani lokaci ka duba takarda goma sha biyu babu kuskuren kirki. To darasi ya mutu ke nan, babu abin kamawa. Maganin da Malam Bawa ya samo shi ne abin da yake kira gurguwa. Tun a gida za ka rubuta takarda guda, ka sa mata babban kuskure, irin wanda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi. Misali ka rubuta makiyayin ya haƙura da tunkiyar ya koma gida abinshi. Ka rubuta da hannun hagu, ko ka karkata baƙaƙen kamar na sabon koyo, don kada a gane hannunka. Ka ɓoye ta cikin hannun riga, in kana cuɗa takardu ka sake ta ciki. Ba wanda ke ƙirga takardu. In sunka kama ta, kai, wuri ya kaure. "Wa ya yi wanga?" Kowa na rantsuwa ba shi ba ne, ana dariya har da hawaye. Dokar Malam Bawa guda ce, kada ka taɓa hwaɗa wa kowa. Na gaje ta haka. Kowane labari da nake koyarwa na yi mishi guraguwa biyu ko uku, na ɗaure su da zare na sa ƙasan adaka. Kuna so ku san ko abin ya taɓa damuna? Ko sau ɗaya. Na ɗauke shi gishirin aiki.

Sai mugunyar shekara ta zo. Kun san wadda nake nuhi, shekarar da hanyar arewa ta lalace, anka hana hawan moto, wato babur, mutane sunka riƙa gangarowa daga wajen Abala da tabarmi a kai. Lokacin kowa na duban wanda ya gaida wa, kowa na auna maganarshi kahin ya sake ta. Abin ya same ni ina wani ƙauye gabas da Bonkuku, ba ni hwaɗin sunanshi. Dole in koma Filinge a amalanke, daga nan in hau kamiyo, babbar motar kaya, ga shingen sojoji a hanya. Na dubi adakar nan cike da rubutun da ba boko ba, ba ajami ba, na ce ni ba ni tsayawa ina yi wa mai bindiga bayanin Girkanci. Sai na bar ta wurin Baba Arzika.

Baba Arzika manomi ne, shi ne dattijon majami'ar ƙauyen, gida huɗu ke nan da nashi. Shi kaɗai ne mai bi a cikin danginshi. Yana da shekara arba'in ya zauna ya koyi karatu, ɗiyanshi na yi mishi dariya, don kawai ya karanta Littafi da idonshi kada wani ya karanta mishi. Shi ke karatu gaban jama'a kowace Lahadi, a hankali, baƙi-baƙi, amma ba ya tsallake komi. Shekara goma sha tara in na je ƙauyen gidanshi nake sauka. Matarshi Inna Hajo ta san ba ni son hura mai tsami, kuma kullum sai ta tsokane ni a kai. Da na ba shi adakar ya ce, "Tahi, Malam. Ko ɓera ba shi leƙa ta."

Wata bakwai ban samu komawa ba, sai bayan an gama girbin hatsi. Tun daga ƙohwar gida na san akwai magana. Inna Hajo ta kawo ruwa ta aje, ta gaishe ni gaisuwar baƙo, babu tsokana, ta juya. Baba Arzika ya hito, munka gaisa, ya tambayi iyali da gajiyar hanya, duk daidai, amma bai zauna tabarmata ba, ya jawo turmi ya kihe ya zauna can. Na ɗaga ido na ga Littahinshi, wanda kullum yake kan taga, an naɗe shi cikin buhu an rataye a jikin azara, can sama inda sai an taka wani abu. Ranar Lahadi bai yi karatu ba. Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mutumin ƙasar Benin ne ya karanta, da Hausarshi mai tuntuɓe. Gida biyu kuma ba su zo ba sam.

Nan halina ya motsa. Na ce lalle wani ya shiga tsakani. Na hwara da mushen, na ce ko yana son ya karɓe koyarwa ne. Na koma kan baƙin da sunka gudo, na ce wa ya san wanda ya shigo cikinsu. Amma wanda zuciyata ta hi kamawa shi ne Alhaji Nomau, wan Baba Arzika, mai sayen hatsi yana kaiwa Balayara. Shekara talatin yana ce wa ƙanenshi Littahin nan an taɓa shi. Na ce to, ya samu wata bakwai babu ni, ya gama aikinshi. Ranar Litinin na tahi ƙohwar gidanshi wai gaisuwa, alhali ƙwaƙwa na je yi. Ya ba ni kujera, ya sa anka kawo shayi, ina ta kewaye-kewaye. Sai ya tare ni.

"Malam Isuhu, bar zagaye. Ni ma nemanka nikai. Mi ka yi ma ƙanena?"

Na ce, "Ni, Alhaji?"

Ya ce, "Kai. Tun tsakiyar damana ba shi cin abincin kirki. Na tambaye shi, yac ce ba magana ta ba ta. Ni ina son shi dawo cikinmu, ban ɓoye maka ba, kullum ina roƙon Allah. Amma ba haka nika son ganinai ba, awa wanda anka yi ma sata."

Na tashi na yi mishi sallama. Na zo kama ɓarawo, an ce min in duba aljihuna.

Washegari da hantsi na iske Baba Arzika gindin rumbu yana gyaran igiya. Na ce, "Baba, in na yi laihi a hwaɗa min." Ya shiga ɗaki ya hito da wani ƙunshi, ya kwance, ya riƙa jera takardu kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, yana danne kowace da tsakuwa. Tun kahin ya gama na gane su. Guraguwana ne, su ashirin da uku.

Ashe da ruwa ya yi yawa gara ta kama bangon ɗakin. Ya ji tsoron kada ta shiga kayan amana, ya buɗe adakar don ya shanya takardun a rana. Alheri ya yi min. Yana shanyawa idonshi ya hwaɗa kan guda, ya karanta, ya ga labarin da ya sani ne amma an karkata shi. Ya ɗauki ta biyu, haka. Ta uku, haka.

Ya ce, "Wanga hannun wa na?"

Na ce, "Nawa ne, Baba."

"Wanga hwa?"

"Nawa."

"Ba su yi kama ba."

Na ce da hagu na rubuta. Ya dube ni. Sai na shiga bayani, na kawo Malam Bawa, na kawo yadda darasi ke mutuwa in babu kuskure, na ce dabara ce ta koyarwa, ba a taɓa sa ta cikin Littafi ba, ko kusa. Ina magana ina jin muryata kamar ta dillalin da ke yabon jakin da ya san gurgu ne. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Shekara talatin wana na ce min akwai masu zama su canza shi. Ina ce mishi ƙarya ta, nuna min guda. Ashe gudan gidana shika kwana. Kai da na sani, na san matarka, kana cin tuwona, ka iya juya hannu ka rubuta abin da ba shi ba, ka zuba muna muna dariya. To waɗancan na Masar da kake nuna muna a leda, da ban taɓa gani ba, su wa ya tsare hannunsu na hagu?"

Ina da amsar wagga tambaya, na sha ba da ita. Amma ranar na san ko na hwaɗa ba ta da nauyi, don daga bakina za ta hito.

Sannan ya ɗauko guda daga ciki, ta makiyayin da ya koma gida. Ya ce, "Wagga ka tuna ta? Shekarar da ka kawo muna ita, ban daɗe da iya rubutu ba. Da anka kama ta, kowa ya juyo ya dube ni, don rubutun ya yi kama da nawa. Na ce ba ni ba ne, amma cikin raina na ce wa ya sani, ƙila hannuna ya zame. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da cewa ni na yi ma maganar Allah ƙarya da hannuna. Har azumi na yi a kai, Malam. Kana zaune kana kallo ana min dariya."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shiga. Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba, kuma ban sake ji ba. Ni da nake zargin kowa, ban taɓa tsayawa na tambayi kan wa dariyar nan ke sauka ba. In na karkata baƙaƙe kamar na sabon koyo, ai a kowane ƙauye akwai sabon koyo zaune a wurin.

Na ce ya yi min gahwara. Ya ce gahwara daban, wagga magana daban. Ya ce ya riga ya nuna wa gidajen nan biyu takardun, don shi ba ya ɓoye-ɓoye, shi ya sa sunka daina zuwa. Ya ce shi kanshi tun ranar bai buɗe Littafi ba, kuma bai san ko zai sake buɗewa ba. Abin da ke gabana ke nan, ku gane. Ba sunana ba. Tsoho ne da ya rabu da sahun danginshi shekara talatin saboda Littahin nan, ga shi rataye a azara saboda ni.

Na ce, "Mi kake so in yi?"

Ya ce, "Kai ba ka yin komi. Kai dai ka yi nisa."

Abin da ya shirya, darasina ne ya ɗauka ya hidda ni daga ciki. Ya sa anka sauko da nashi Littafi. Ya aro na Faransanci wurin mushen. Ya aro na Zabarmanci wurin wata mata cikin waɗanda sunka gudo, wanda ta taho da shi ƙulle cikin zane. Ya ce in ba da tsohon bugun Hausa na Malam Bawa da ke cikin adaka, wanda ya girmi ɗiyanshi duka. Sannan ya aika a kira Alhaji Nomau, wanda ya iya boko saboda hwatauci. Na ce, "Baba, Alhaji kuma?" Ya ce, "Shi ba shi son Littahin, don haka ba shi ruhwa mishi asiri. Kai kuwa kana son shi da yawa."

Kwana uku suna zama daga hantsi zuwa azahar cikin runhwar majami'a. Ni kuwa an kai ni gindin wata aduwa, nesa inda ba ni jin magana, ina zaune kamar wanda ke jiran shari'a. Suna ɗaukar gurguwa guda, su nemo wurin a littattahan nan huɗu, mushe ya juya nashi da baki, matar ta juya nata, Alhaji na bin na Hausa biyun da tsinke. In azahar ta yi ya tashi ya je ya yi salla. Ina hangensu ina ƙulle-ƙulle, ina cewa yanzu Alhaji zai samu wata 'yar kalma da ta bambanta tsakanin tsohon bugu da sabo ya kahe a kai. Akwai su kuwa, na sani, Hausar da da ta yanzu ba ɗaya ba ce. Sau biyu na ga murya ta tashi, na miƙe, Inna Hajo ta yi min nuni da hannu in koma in zauna.

Rana ta uku anka kira ni. Gidajen nan huɗu duk suna nan. Alhaji ya hwara magana. Ya ce, "Ni shaida anka kira ni, shaida za ni ba da. Wuri ashirin da ukun nan, littattahanku huɗu bakinsu ɗaya. Lahazi na bambanta, magana guda ta. Takardun Malam su kaɗai sunka ware. Wanga na gani da idona. Abin da ya hwaru tun zamanin da, ban nan, kuma ina da abin da na yarda da shi, kun san shi. Ban ƙara ba, ban rage ba." Ya karkaɗe riga ya yi muna sallama ya tahi. Mutumin da na je ƙwaƙwa gidanshi ke nan.

Baba Arzika ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ni ma ban nan. Amma ga abin da na auna. Ni Arzika, da na koyi karatu da hurhura, na kama ashirin da ukun nan ni kaɗai gindin rumbu, ba wanda ya nuna min. Malam ya iya, ya yi da hagu, ya ɓoye, na kama shi. To in a can Masar wani ya yi irin ta Malam, ban yarda ba a ce duk ƙasar babu Arzika ko guda." Ya juyo wurina. "Yanzu tashi ka hwaɗa musu da bakinka. Ka hwaɗi kuma takardar makiyayi ta wa ce."

Na tashi na hwaɗa, duka, ban rage ba. Na ce shekara da shekaru ina yi, a nan da sauran ƙauyuka. Na ce takardar da anka yi wa Baba dariya a kai tawa ce. Wata tsohuwa ce kawai ta ce, "Kai, Malam," ta girgiza kai. Daga baya na bi sauran wuraren ɗaya-ɗaya na hwaɗa musu su ma. A wani ƙauye sunka yi dariya sunka ce da ma sun yi zato. A wani kuma, har yau ba su sake kirana ba. Cikin gidajen nan biyu guda ya dawo, guda bai dawo ba. Guraguwan kuwa Baba Arzika ya ƙi maido min su, ya ce wurinshi za su zauna.

Da anka watse na bi shi, na ce, "Baba, to yanzu ƙaƙa?"

Ya ce, "Littahin na yarda da shi. Kai ne ban yarda da kai ba."

Na yi tsammani zahin rai ne, zai wuce. Lahadin da ta biyo ya karɓi karatunshi gaban jama'a, bai tsallake komi ba. Da lokacin koyarwa ya yi na miƙe na buɗe nawa, sai na ga ya jawo benci ya zauna daf da ni, ya buɗe nashi bisa gwiwa, ya ɗora yatsa kan layin. Ina karantawa yatsan na bina. Na kai tsakiya ya ce, "Tsaya. Sake wanga layi." Na sake. Daidai na karanta tun hwarko, shi ma ya sani. Ya ce, "To, ci gaba."

Har yanzu ina zuwa ƙauyen, sau uku a shekara. Yana tarona bakin hanya, ya tambayi iyali, ya sa a kawo min ruwa. Idonshi ya yi rauni yanzu, sai ya kai takardar kusa da hanci. Watan jiya na ce mishi, "Baba, ka huta mana, shekara nawa ke nan ba ka kama ni da komi ba." Bai ɗago kai ba. Ya gyara yatsanshi kan layin ya ce, "Karanta, Malam. Ina bin ka."